Ƙaramin Jirgi, Babban Shaida: Tarihin Sassaƙa Jiragen Ruwa Na Kwaikwayo

Gabatarwa

Jirgin ruwa na katako abu ne mai gajeren kwana. Ruwan gishiri yana cinsa, akwai wata tsutsa ta teku da ke huda katakonsa kamar yadda gara ke yi wa azara, ga gobara, ga hadari, ga kuma igwar abokan gaba. Wanda ya tsira daga waɗannan duka, in ya tsufa sai a farfasa shi a sayar da katakon. Shi ya sa daga cikin ɗaruruwan manyan jiragen yaƙi da ƙasashen Turai suka yi taƙama da su a ƙarni na 18, waɗanda kan jeru sahu guda su yi ta ɓarin wuta, guda ɗaya tak ya rage a duniya, watau Victory na Ingila, wanda aka saka a ruwa cikin 1765, yake kuma ajiye a busasshiyar tasha a Portsmouth tun 1922. Shi ɗin ma yawancin katakon da ke jikinsa yau na gyara ne.

To, ta yaya aka san kamannin sauran? Wani ɓangare na amsar yana cikin zane-zane da takardu. Amma babban ɓangarenta yana cikin ƙananan jirage na kwaikwayo, waɗanda aka sassaƙa daidai da siffar manyan, sai dai an rage kowace gaɓa da ma'auni ɗaya. Mai karatu da ya taɓa haɗa motar kara yana yaro ya san daɗin da ke cikin mayar da babban abu ƙarami. Bambancin shi ne, mai motar kara da ido yake aiki, shi kuwa mai wannan sana'a da awo: in ya ce jirginsa ɗaya bisa 48 ne, to kowane inci guda a jikin ƙaramin yana wakiltar inci 48 a jikin babban, daga ƙashin bayan jirgin har zuwa kaurin igiya.

A yau dubban mutane a Turai da Amurka da Asiya suna wannan aiki don sha'awa kawai, suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa. A wannan maƙala za mu bi sawun abin tun daga tushe, don mu ga yadda ɗan jirgin da za a iya ɗauka da hannu biyu ya zama mai ba da shaida a tarihi, da kuma nauyin da hakan ya ɗora wa masu sassaƙa shi.

Daga Kaburburan Masar

Tun kafin a san wani abu wai shi aikin sha'awa, mutanen da suka sassaƙa ƙananan jirage saboda imaninsu ne. A kudancin Iraƙi, a maƙabartar sarakunan birnin Ur, Leonard Woolley ya tono wani ɗan kwalekwale na azurfa cikin shekarun 1920, mai shekara kusan 4,500, kuma siffarsa ta yi kama ƙwarai da kwalekwalen da mazauna fadamun yankin suka ci gaba da tuƙawa har zuwa zamaninmu.

Amma Masarawa ne suka fi kowa barin irin wannan gado. Sun yi imani cewa mamaci zai buƙaci abin hawa a rayuwa ta gaba, don haka sukan binne manyansu da ƙananan jirage. Cikin 1920, Herbert Winlock da ma'aikatansa suna share kabarin wani babban bafade mai suna Meketre a yammacin Luksor, kabarin da ɓarayi suka riga suka wawushe tun zamanin da, sai suka ci karo da wani ɗan ɗaki da ɓarayin ba su gani ba. A ciki akwai sassaƙe-sassaƙe fiye da ashirin masu shekara kusan 4,000, kimanin rabinsu jirage ne. Akwai na tafiya, akwai na kamun kifi guda biyu suna jan taru a tsakaninsu, har da na girki mai bin maigida a baya da tukwane da masu dafa abinci. An raba kayan tsakanin gidan tarihi na Alƙahira da na Metropolitan da ke New York.

Abin lura a nan shi ne, jiragen sun nuna yadda ake zirga-zirga a Kogin Nilu. Kogin yana gangarawa arewa, iska kuwa tana kaɗawa daga arewa zuwa kudu. Saboda haka za ka ga jirgi ɗaya an ɗaga masa ƙyallen kama iska, alamar ya nufi kudu, ɗan'uwansa kuma an kwantar da ginshiƙinsa, matuƙa sun duƙufa, alamar ya nufi arewa. Masassaƙin da ya yi su domin kabari ya yi, bai san yana rubuta darasi ga mutanen da za su zo bayan shekara dubu huɗu ba.

A Masar ɗin dai aka ga ƙaramin jirgi ya taimaki babba. Cikin 1954 aka gano jirgin Fir'auna Khufu a wani rami a gindin babbar dalar Giza, an kwance shi gunduwa-gunduwa har guda 1,224, babu zane, babu bayani, babu ƙusa ko ɗaya domin da igiya aka ɗinke shi. Aka ba Alhaji Ahmad Yusuf, babban mai gyaran kayan tarihi na Masar, aikin haɗa shi. Sai ya tafi wurin masu sassaƙa jirage a bakin Nilu ya koyi aikinsu, ya kuma riƙa yin ƙananan samfura yana gwada yadda katako zai hau katako kafin ya taɓa na ainihin. Ya shafe fiye da shekara goma a kan aikin, ya haɗa ya kwance sau da dama, kafin jirgin mai tsawon kimanin mita 43 ya tsaya da siffarsa. Cikin 2021 aka mayar da shi sabon babban gidan tarihi na Masar.

Jirgin Bakance

A Turai ma addini ne ya fara adana ƙananan jirage. Matuƙin da hadari ya rutsa da shi a teku yakan yi bakance cewa in ya tsira zai kai kyauta majami'a, kuma sau da yawa kyautar ita ce kwatankwacin jirginsa, a rataye shi a rufin ɗakin ibada. Mafi shahara a cikin waɗannan shi ne na garin Mataro, kusa da Basalona a ƙasar Sifen, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 15, tsawonsa ya ɗan zarce mita ɗaya, yana kuma gidan tarihin jiragen ruwa na Rotterdam a Holan.

Darajarsa ta fito ne daga wani giɓi. Jirgin Santa Maria da Kolombus ya ƙetare Tekun Atlantika da shi cikin 1492 ya farfashe a tafiyar nan, kuma babu wani zanen awonsa ko hotonsa da ya iso gare mu. Duk Santa Maria da ake gani a littattafan makaranta ko a shaguna kirdado ne, kuma masu kirdadon sukan dogara ƙwarai ga ɗan jirgin Mataro, domin wanda ya yi shi ya san aikin jiragen zamanin da na yankin, ya bi tsarin katako kamar yadda ake yi a tasha.

Jiragen Fadar Ingila

A ƙarni na 17 aka shiga wani sabon babi. Sarakuna da manyan jami'an rundunar ruwa su ne ke ba da kuɗin gina jirgi, amma ba kowannensu ne zai iya karanta zanen magini ba. Sai maginan suka riƙa kawo musu abin da ido zai gani. Phineas Pett ya nuna wa Sarki Charles na Ɗaya samfurin wani ƙaton jirgi cikin 1634, kuma daga nan aka gina Sovereign of the Seas, wanda ya shiga ruwa cikin 1637.

Daga tsakiyar ƙarnin zuwa tsakiyar na 18 aka yi wani salo a Ingila wanda har yau masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar sana'ar. Yawanci ana yin su a kan ɗaya bisa 48, watau rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya. Akan bar ƙasan jirgin babu rufin katako, don a ga haƙarƙarinsa a jere, sama kuwa a ƙawata shi da sassaƙar zakuna da dawakai da ruwan zinariya. Ana amfani da itace mai tauri da laushin fuska, wanda ba ya tsagewa ko an yanka shi siriri kamar tsinke. Samuel Pepys, sakataren hukumar rundunar ruwa, yana cikin waɗanda suka tara su a gidajensu.

Da ma'aikatan gidajen tarihi na zamaninmu suka fara zura irin na'urar da likita ke leƙa cikin mutum da ita a cikin waɗannan jirage, sai suka tarar da matakala da ƙofofi da ɗakuna da aka gama su tsaf a wuraren da babu idon da zai kai bayan an rufe bene. Masu aikin sun san ba mai gani, suka kuma yi shi daidai. A ganinmu daga nan ne ɗabi'ar sana'ar ta samo asali, kuma ita ce masu sha'awa na yau suke ƙoƙarin riƙewa.

Ƙashin Miya

Ba a fada kaɗai aka yi wannan aiki ba. Tsakanin 1793 da 1815, lokacin yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa da na Napoliyon, Ingila ta tsare fursunonin yaƙi fiye da dubu ɗari, yawancinsu Faransawa, da yawa kuma matuƙan jirage ne. An zuba wasu a tsofaffin jiragen da aka daina amfani da su, wasu a sansanin Norman Cross da aka buɗe cikin 1797, wasu a kurkukun Dartmoor da ya fara karɓar mutane cikin 1809. Akwai waɗanda suka shekara goma ko fiye a tsare.

Hukuma ta yarda su riƙa cin kasuwa a bakin ƙofar sansani, su sayar da abin da hannunsu ya yi, su sayi ƙarin abinci da taba da sutura. Da yake ba su da katako mai kyau, sai suka koma ga ƙasusuwan shanu da na tumaki da ke saura a tukunyar abincinsu. Su tafasa ƙashin, su kankare shi, su bar shi ya yi fari, su yanka shi falle-falle, su manna a jikin gangar katako da 'yan ƙusoshin tagulla. Igiyoyi kuwa da zaren siliki, ko gashin doki, ko gashin kansu. A cikinsu akwai mutanen garin Dieppe, wanda ya yi suna wajen sassaƙa hauren giwa, kuma akan yi aikin ne a ƙungiyance, wannan ya yi igwa, wancan ya yi anga, wani ya ɗaura igiya.

Waɗannan jirage suna da kyawun da ke tsayar da mai kallo, amma mai neman tarihi sai ya yi hattara da su. Fursunan ba shi da zane a gabansa, da tunani yake aiki, don haka yakan ba jirgin siffar na Faransa da ya sani, sa'an nan ya laƙaba masa sunan jirgin Ingila domin Ingilishi ne mai saye. Yakan ƙara yawan igwa, ya ƙara tsawon ginshiƙai don abin ya burge. Shaidar da suke bayarwa a kan mutanen da suka yi su ce: yadda wanda aka raba da teku da iyalinsa ya riƙe hankalinsa da wuƙa da ƙashin miya. Gidan tarihi na Peterborough, kusa da inda sansanin Norman Cross yake a da, yana da tarin ayyukansu.

Jirgin Bayi a Majalisa

Akwai wani ɗan jirgi da ya shafi Afirka kai tsaye. Brookes jirgin fataucin bayi ne na birnin Liverpool, an gina shi cikin 1781, yakan ɗebi mutane a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau ya kai su tsibirin Jamaika. Cikin 1788 majalisar dokokin Ingila ta yi dokar ƙayyade yawan bayin da jirgi zai ɗauka gwargwadon girmansa. A ƙarƙashin dokar an yarda Brookes ya ɗauki mutum 454, alhali kafin nan ya taɓa ɗaukar 609.

Masu yaƙi da cinikin bayi, Thomas Clarkson da abokansa, suka sami awon jirgin, suka sa aka zana benayensa da mutane kwance a jere. Namiji babba an ba shi wuri mai tsawon ƙafa 6 da faɗin inci 16. Mai karatu ya auna inci 16 a kan tabarmarsa, ya kuma tuna cewa tafiyar takan ɗauki wata biyu ko fiye. Aka buga zanen dubbai aka rarraba. Daga baya aka yi samfurin jirgin da katako, wanda ake buɗewa a ga cikinsa, William Wilberforce ya shiga da shi majalisa ya nuna wa 'yan'uwansa wakilai. A Faransa ma, da Clarkson ya kai zanen Faris cikin 1789, Mirabeau ya sa aka sassaƙa masa nasa. Samfurin Wilberforce yana cikin kayan gidansa na haihuwa a birnin Hull, wanda aka mayar gidan tarihi.

Ba za mu ce ɗan jirgin ne ya kashe cinikin ba. An ci gaba da gwagwarmaya har 1807 kafin Ingila ta haramta shi, kuma tawayen bayin kansu, musamman na Haiti, yana cikin abubuwan da suka girgiza Turawa. Amma ƙarfin samfurin yana cikin awonsa. 'Yan kasuwar Liverpool suna iya ƙaryata mai wa'azi su ce ya yi ƙari, ba su da bakin ƙaryata tsawo da faɗin jirginsu. Duk da haka ya kamata mu lura da abin da bai nuna ba. Mutanen da ke cikinsa a jere suke tsaf kamar an shirya su da hannu, babu zafi, babu wari, babu atuni, babu kukan wanda aka ɗaure da gawa. Samfur yana faɗin gaskiyar abin da za a iya aunawa, sauran kuwa sai an nemo daga bakin waɗanda suka sha wahalar.

Tafkin Gwaji

A ƙarni na 19, da ƙarfe da tururi suka shigo, sai tambaya ta sauya: za a iya sanin halin jirgi kafin a gina shi? Injiniyoyi da yawa sun ɗauka gwaji da ƙaramin jirgi wasan yara ne, domin sakamakonsa ba ya dacewa da na babba. William Froude ne ya gano inda matsalar take. Cikin 1867 ya yi samfura iri biyu da ya kira Swan da Raven, kowanne a tsawon ƙafa 3 da 6 da 12, ya riƙa jan su a kogin Dart yana auna turjiyar ruwa.

Abin da ya tabbatar shi ne, ba a rage gudu da ma'aunin da aka rage tsawo. Alal misali, jirgi mai tsawon mita 100 in aka yi samfurinsa mai mita 4, an rage shi sau 25. Da yake 25 biyar ce sau biyar, gudun sai a raba shi da 5 kawai. Idan babban zai yi kilomita 30 a sa'a, ƙaramin a ja shi a kan kilomita 6, nan ne igiyar ruwan da zai tayar za ta zama daidai da ta babban. Nutsewar jirgin yaƙi Captain cikin 1870 da mutane kusan 500, saboda kuskuren tsari, ta ƙara nuna haɗarin gini da kirdado. Hukumar rundunar ruwa ta ba Froude kuɗi ya gina dogon tafkin gwaji a Torquay a farkon shekarun 1870, inda ya riƙa zuba samfura da kakin kyandir don sauƙin gyara. Har yau, duk da kwamfuta, ana jan samfurin manyan jirage a irin wannan tafki kafin a yanka ƙarfe.

Masu Yi Don Sha'awa

Abin mamaki, lokacin da jiragen iska suka fara ɓacewa daga teku ne mutanen gari suka fara sassaƙa su a gida. Tsofaffin matuƙa sun daɗe suna saka jirgi a kwalba, dabarar kuwa ita ce a yi wa ginshiƙan mahaɗi mai lanƙwasawa a gindi, a kwantar da su, a zura jirgin ta wuyan kwalba, sa'an nan a ja zare su miƙe. Amma daga ƙarshen ƙarni na 19 sai likitoci da akawuna da malaman makaranta suka shigo. Mujallar Model Engineer ta fara fitowa a Landan cikin 1898. Cikin 1910 aka kafa ƙungiyar binciken tarihin jiragen ruwa ta Ingila, wadda ta jagoranci neman kuɗin ceto Victory. A Amurka aka kafa Nautical Research Guild cikin 1948, a Turai kuma ƙungiyar NAVIGA cikin 1959, wadda ke shirya gasar duniya. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ma ya tara ɗaruruwan ƙananan jirage.

Idan ana neman misalin irin mutanen nan, sai a ambaci Nepean Longridge, likita ne, wanda ya ɓatar da sa'o'i kimanin 12,000 yana sassaƙa Victory a kan ɗaya bisa 48, ya kuma bayyana yadda ya yi kowace gaɓa a littafinsa The Anatomy of Nelson's Ships na 1955. Mu duba girman aikin. Benen igwa na Victory ƙafa 186 ne, a samfur bai cika ƙafa 4 ba. Mutum mai ƙafa 6 ya koma inci ɗaya da rabi. Jirgin yana da igwa 104, da igiyoyin da tsawonsu ya kai mil 26, da fallayen jan ƙarfe kusan 4,000 a ƙasansa don tsare shi daga tsutsa. Mai samfur zai kafa ƙashin baya, ya jera haƙarƙari, ya jiƙa siraran katakai ya lanƙwasa su da zafi ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa igiyarsa da kansa domin zaren kasuwa ba shi da kaurin da ake so, ya ɗaura dubban ƙulli da hantsaki. Kuskuren milimita ɗaya a hannunsa daidai yake da kusan inci biyu a jirgin gaske.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta buɗe ƙofa ga talaka. A farkon shekarun 1950 kamfanin Airfix ya fitar da Golden Hind, jirgin Francis Drake, gunduwa-gunduwa a cikin leda, a kan sule biyu, yaro ya saya ya haɗa da gam. Cikin 1971 wasu kamfanoni huɗu na Japan, har da Tamiya, suka haɗa kai suka raba wa junansu jiragen yaƙin ƙasarsu a kan ɗaya bisa 700. Daga nan jama'ar ta rabu gida-gida: masu farawa daga ɗanyen katako da zane, masu sayen kwalin katako da aka riga aka yanka, masu roba, da masu saka inji su tuƙa a tafki da rediyo. Na farkon sukan ɗan raina na baya, kuma zuwan injin leza da injin da ke fitar da gaɓa daga kwamfuta ya sake tayar da tsohuwar gardamar ko wane ne masassaƙi na gaske. A tsibirin Morishus kuwa, tun ƙarshen shekarun 1960 abin ya zama sana'ar ci da iyali, ana yi ana sayar wa baƙi.

Gardamar Launi

Abin da ya haɗa su duka shi ne tambaya ɗaya da ake yi wa duk wanda ya ajiye aikinsa a teburin taro: ina hujjarka? Jirgin Vasa na Suwidin ya nutse cikin 1628 a tafiyarsa ta farko, bai yi nisan kilomita ɗaya da rabi ba. Aka ɗago shi cikin 1961 kusan cikakke, domin tsutsar katako ba ta jin daɗin ruwan Baltik mai ƙarancin gishiri. Fentinsa ya riga ya wanke, don haka aka daɗe ana yi wa samfuransa shuɗi da ruwan zinariya. Da masana suka shafe shekaru daga 1990 suna bincikar ɓurɓushin fenti a jikin katakon, sai ta bayyana cewa ja ne ya rinjaya, gumakan jikinsa kuma launi-launi ne masu haske. A kan wannan bincike aka yi wa samfurin ɗaya bisa goma da ke gidan tarihin Vasa a Stockholm fenti. Haka aka yi da Victory cikin 2015, inda bincike ya sa aka sauya rawayar da kowa ya saba da ita zuwa wani launi mai haske da mutane da yawa suka ce ya yi kama da ruwan hoda. Masu sha'awa da dama ba su ji daɗi ba, amma da yawansu sun bi hujja, ko da ta saɓa wa abin da idonsu ya fi so.

Wani kuma da gangan yake sauya abin don ya faɗi wata magana. Cikin 2010 Yinka Shonibare, ɗan asalin Nijeriya da aka haifa a Landan ya girma a Legas, ya kafa Victory a cikin wata ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar, a kan ɗaya bisa 30, amma ya yi ƙyallayen kama iskar da yadi mai zanen atamfa. Nasarar Nelson ta 1805 ita ta ba Ingila ikon teku, ikon tekun kuma shi ya share hanyar mulkin mallaka, ita atamfar ma ta teku ta iso mana, daga salon Indunusiya ta hannun masaƙun Holan da Manchester. Aikin yana gaban gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich tun 2012.

Kammalawa

Mun ga ƙaramin jirgi a kabari, a majami'a, a fada, a kurkuku, a majalisa, a tafkin injiniya, da kuma kan teburin mai sha'awa. A kowane wuri darajarsa ta rataya ne a kan amanar wanda ya yi shi, domin in babban ya ruɓe, abin da ƙaramin ya faɗa shi za a ɗauka, ko gaskiya ko ƙari.

Wannan ya kamata ya sa mu waiwayi namu ruwayen. Cikin 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8 da shekara kimanin 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Sa'a ce ta adana shi a cikin laka. Kwalekwalen da ake fafewa daga gungume ɗaya a Kogin Kwara da Binuwai, da na ciyawa da Buduma ke ɗaurawa a Tafkin Chadi, ba lalle su sami irin wannan sa'a ba, ga shi jirgin katako mai inji yana ture su, manyan itatuwan ma suna ƙaranci. Makarantunmu na sakandare da yawa suna koyar da aikin katako da zanen awo. Malami ɗaya da ɗalibansa, da tef ɗin awo da littafin rubutu, za su iya zama da masassaƙi a Yawuri ko Lakwaja, su auna jirginsa gaɓa-gaɓa, su rubuta sunan kowace gaɓa da irin itacen da aka yi ta da shi kamar yadda ya faɗa, su koma su sassaƙa shi a kan ɗaya bisa goma, su rubuta shekara da sunan garin a gindinsa.